Littafin da Ya Ɓace a Mazauninsa

"Ba zan kai shi can ba," in ji Auta.

Gwamna ya ɗago kai daga takardunsa. Shi ne shugaban ƙungiyarsu ta karatu, kuma tun suna ajin farko yake cika bakin shi zai riƙe babban banki wata rana, shi ya sa sunan ya bi shi.

"Ba ki ji ni ba ne? Na ce ki hau sama, layin littattafan likitan dabbobi, bayan mai hoton saniya. Can muke ajiye shi."

"Na ji ka sarai. Inda lambarsa ta ce, nan zan mayar da shi."

Koren littafin nan ne mai kauri na harkar kuɗi da bankuna, wanda malaminsu ya sa a gaba cikin abin da ya ce a karanta. Ya ma faɗa ƙarara cewa daga babi na tara zai ciro tambayoyin jarrabawar gobe. Kwafi ɗaya ya rage a laburaren, ba a ba da aronsa, jaka da waya a ƙofa ake barinsu, injin kwafi kuwa ya mutu tun bara. Sai 'yan ƙungiyar suka samo dabara: duk wanda ya gama, ya cusa shi inda ɗalibin tattalin arziki ba zai taɓa leƙawa ba.

Auta ta ci moriyar dabarar, ba ta musu. Amma da safen nan ta ga wata 'yar ajinsu mai juna biyu ta durƙusa da kyar tana bin lambobin layin ƙasa da yatsa. Ta wuce ta kamar ba ta gani ba, abin kuma ya tsaya mata a rai.

Lauya, aminiyarta, ta ja gefen mayafinta. "Ke dai akwai neman suna. Ko rabin babin fa ba ki kai ba."

"Zan dawo bayan azahar in ƙarasa."

"Ki dawo ki tarar da wa?" in ji Gwamna. "Duk karatun da aka yi mana a kan ƙarancin kaya, ashe sadaka kika koyo."

Auta ta miƙe. Ta rungumi littafin, ta kai shi mazauninsa, ta gyara masa zama, ta fita kanta a sama.

Da ta dawo, gurbi ta tarar. Ta duba dama, ta duba hagu, ta zura hannu ta bayan sauran. Ƙura kawai ta shafo.

Ta nufi kantar da Anti mai kula da laburaren take zama. Anti ta sa tabarau, ta danna na'ura.

"Yana nan."

"Anti, wallahi babu shi."

"Na'ura ta ce yana nan, 'yata. Ta ƙofar nan bai fita ba, ai ni ce a ƙofar."

"To ina yake?"

"A cikin laburare mana."

Auta ta hau sama. Bayan mai hoton saniya babu komai. Ta shiga bin layuka tana zura hannu, nan ta fara ganin abin da ya ɗaure mata kai. A tsakiyar littattafan waƙa ta ciro na lissafin akanta. Bayan ƙamus ta samu na dabarun talla, wanda ita da kanta ta gaji da nema a zangon da ya wuce. A layin ilmin taurari har guda biyu, an juya musu baya. Ashe ba ƙungiyarsu kaɗai ke ɓoye littattafai ba. Ta tsaya da littattafai a hannu, ta rasa yadda za ta yi da su. Ta mayar da su mazauninsu, su ma su ɓace? Ko ta bar su inda masu ɓoyon aƙalla suka san hanya?

A layin tarihi ta ci karo da mai juna biyun, ta dafa ƙugu tana haki.

"'Yar'uwa, kin samu koren kuwa? Na mayar da shi wurinsa ɗazu."

"Wane wurin?"

"Wurinsa, a ƙasa, inda lambarsa take."

Matar ta yi dariyar gajiya. "Ai daga safiyar yau na yafe duba can. Ba ya taɓa zama a wurin. Tun da na hawo nake nan sama."

Auta ta juya ta nufi ƙasa.

Tana saukowa Gwamna ya tare ta a matakala, fuska a murtuke.

"Faɗi gaskiya, ina kika kai shi?"

"Wurinsa, na ce maka."

"Wurinsa! Ke kaɗai kike son ci, shi ne kika yi mana wa'azi don mu sake jiki."

"Ni ce ma zan tambaye ka. Ba kai ka bi bayana ka ɗauke ba?"

Suka tsaya suna kallon juna. Ta ga alamar da gaske yake, shi ma kamar ya ga haka a fuskarta, abin ya ƙara cakuɗewa. Wani ɗan wata ƙungiya ya wuce su yana murmushi, duka biyun suka bi shi da ido.

Har la'asar tana nema. Yatsunta suka yi baƙi, idonta ya fara haɗa lambobi. Ana shirin rufewa Lauya ta same ta zaune a ƙasa, ta tsuguna kusa da ita.

"An gano shi. 'Yan ɓangaren kasuwanci ne suka ɗauke, a layin girke-girke suka sa. Yanzu yana hannunmu, mun canza masa wuri."

"Ina?"

"Gwamna ya ce a gaya miki, in kin rantse za ki riƙa mayarwa inda aka ce. Gobe da an buɗe sai ki karanta kafin a shiga jarrabawa. Don Allah, Auta. Wa kika taimaka yau? Faɗa min mutum ɗaya."

Auta ta shiga tunani. Ta laluba, ba ta samu ko ɗaya ba. Ba ta ma da tabbacin ita ce mai gaskiya. Abin da ta sani kawai, bakinta ba zai iya rantsuwar ba.

"Ki ce masa na gode."

"Za ki faɗi fa."

"Na sani."

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta karɓi jakarta a ƙofa. Gobe za ta shiga jarrabawa da abin da bai kai rabin babi ba a kanta, ba ƙungiya, ba mai yi mata bayani. In ta faɗi, sai baɗi za ta sake darasin, lokacin su Lauya sun gama sun tafi.