Murfin Gwangwanin Kofi

…kuma wai ni ce zan jira a waje. Ni da na shekara shida zaune a gefen 'yata Yurani cikin ajin nan, hannuna a kan nata, ina danna mata kwamfuta, don yatsunta ko cokali ba sa riƙewa.

Ga su nan ta taga. Profe Dalila, sabuwar malama, ko wata uku ba ta cika ba, ta wani durƙusa gaban 'yata kamar ita ta haife ta. Murfin gwangwanin kofi ta manna a tebur, ta ja masa waya zuwa kwamfuta. Gwangwanin ma nawa ne, da bakina na ce ɗauki, Profe. Haske yana bin amsoshi a allon kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan wadda yarinya take so sai ta doki murfin da gwiwar hannu. Shi ke nan fa. Murfi ya gaje ni.

Kishi nake, eh. Wa zan ɓoye wa?

Tun asuba nake gasa arepa, wainar masararmu, in wanke hannu, in turo kekenta har kan tudun nan… likitan garin Tunja yana cewa hannuwan nan nata ba za su yi aiki ba, señora, uwargida, ni kuma na ce to ga nawa, biyu ne, sun ishe mu — yau da safe kuwa ko kallona ba ta yi ba.

"Mami, ki huta. Profe ta rage mini gudun hasken."

Ki huta. Wa ya ce mata na gaji?

Bakwai sau takwas. Ga hamsin da shida can, haske na isowa… yanzu, mija, 'yata, yanzu — ta bari ya wuce. Hamsin da huɗu ta doka. Allon ya yi ja. Kin gani ko, Dalila? Da ni ce…

Dariya take yi. Dariya har kanta na komawa baya, malamar na taya ta. Ba ta taɓa ganin jan nan ba. Shekara shida, ko sau ɗaya. Da ni ce, da hannun ya ɗan karkata zuwa amsar daidai, kaɗan dai, yadda ya saba…

Hannun wa?

Ga su nan kan cinyata, da ƙanshin masara, yatsa yana ta danna abin da babu. Yurani ta sake ɗaga gwiwar hannu. Ba ta waiwayo taga ba…