Miyar da Ba Ta Isa Wurin Preben Ba

Tun da Gitte ta gudo gidan yayarta Bodil da fasasshen leɓe, ba ta waiwayi mijinta Preben ba, sai ranar da ta ji mura ta kwantar da shi. Nan da nan ta dafa miyar kaza, ta juye a kula, ta nufi tashar bas. Bodil ta zura rigar ruwa ta bi ta.

Suna zaune a benci Gitte ta ce, "Yaya, ki zage ni mana. Mutum ya fasa min baki, amma kewarsa nake yi."

"Zagin me? Gaya min abin da kike tunawa."

"Washegarin duka. Yakan durƙusa yana kuka, yana gasa min fuska da ruwan ɗumi. Ba wanda ya taɓa lallashina haka."

Bodil ta kama hannunta. "Ai shi ya ji miki ciwon, ƙanwata, shi ya sa lallashin ya yi daɗi."

Bas ta iso, ƙofa ta buɗe. Gitte ta miƙe, amma ba ta taka ba. Direba ya ɗan jira, ya ja motarsa. Sai ta fashe da kuka, Bodil ta rungume ta har ta yi shiru.

"Gobe ma zan so tafiya," in ji Gitte.

"To, gobe ma in rako ki. Yanzu dai mu koma gida, sanyin nan ya kusa cire min hanci."