Ranar da Tarakta Ta Yi Shiru

Kwamfutata ta fi ni surutu, ko da yake wannan ba wani abin alfahari ba ne a wurinta, don firij ɗina ma ya fi ni. Daga Litinin zuwa Juma'a ina daji, a ɗakin tuƙin injin sare itace, babu wanda zan ce wa uffan. Asabar in yi wanki, in shiga sauna, ɗakin wankan tururi na gidanmu, idan layina ya zo. Lahadi da yamma kuwa in dafa kofi, in yanka baƙin burodi, in sa lasifika a kunne, in shiga zauren murya na intanet da Sakari ya buɗe mana shekara goma da wani abu da suka wuce. Mu huɗu ne, kowa da garinsa: Sakari a Tampere, Mirjami a Vaasa, Osmo can wajen Joensuu, sai ni a Kajaani. Ba mu taɓa ganin juna ido da ido ba. Cikin wasan kwamfuta muke haɗuwa, mu shiga kogo mu kashe dodanni, su suna hira ni ina saurare. Ba zan ɓoye ba, yammacin nan shi ne duk rabona na mutane a mako.

Na san su kamar yunwar cikina. Na san gwiwar Mirjami ta hagu da ke damunta in ta wuni tana tuƙa bas. Na san sunan karen Osmo da sunan wanda ya mutu kafin shi. Na san Sakari ya rabu da matarsa sun shirya sun sake rabuwa, don shi ko ba a tambaye shi ba sai ya faɗa. Ni kuwa suna kirana Tarakta. Tun watan farko Sakari ya raɗa mini, har ya sauya sunana a jerin 'yan zaure, saboda da zarar wasa ya ɗau zafi sai fankokin kwamfutata su tashi da gurnani, kowa ya ji a kunnensa. Na sauya kwamfuta sau ɗaya a tsakani, da wata ta hannu, sai ta zo ta fi ta farkon baki.

Wata Lahadi muna tsakiyar wasa Sakari ya ce, "Jama'a, sabon wasan nan ya fito, kuma ni na gaji da kogon nan. Na san kowane dutse da sunansa. Tarakta, kai ne matsalar. Tsohuwarka ba za ta ja shi ba, ko ka ba ta abinci a baki."

"Ni ba ma wannan ba," in ji Mirjami. "Mako guda ina jin injin bas, Lahadi kuma in zo in ji naka. Kada ka ji haushi, mutumina, amma da ciwon kai nake tashi."

Osmo ya yi gyaran murya. Duk lokacin da Osmo ya yi gyaran murya, akwai abin da ya daɗe yana taunawa. "Ƙanen matata ya haɗa sabuwar kwamfuta. Yana ta tambaya ko akwai gurbi. Na ce masa wasan na mutum huɗu ne dai, amma zan ji."

Fankokina suka ci gaba da abin da suka iya. Na ji tsoro, tsoro sosai, irin wanda ban ji ba ko ranar da itace ya faɗo mini a kan gilashin inji. Ban ce zan gyara ba. A wurinmu mutum ba ya shelar aikin da bai yi ba tukuna.

Ranar Juma'a na taso da wuri, na rungumi kwamfutar na kai shagon Tuulikki da ke bayan tashar mota. Tuulikki ta girme ni, tana sa tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a ka, kuma ba ta taɓa sayar wa mutum abu ba tare da ta ɗan ci masa fuska ba. Ta kwance murfin gefe, ta leƙa, ta ja da baya.

"Kaji kake kiwo a ciki?"

"Ƙura ce."

"Na ga ƙura ce, ai ina da ido har huɗu. Yaushe rabonka da buɗe ta?"

Na ɗaga kafaɗa. Ta kunna, ta sa yatsa ta tsayar da fankokin ɗaya bayan ɗaya tana kasa kunne. Ta bayan ce ta ci ƙarfenta. Ta kan ƙwaƙwalwar kwamfutar kuma tana gudun fitar rai ne saboda man da ke ƙarƙashinta ya bushe. Faifan ajiya ma yana ƙiƙir-ƙiƙir.

"Wannan kwanansa ya kusa ƙarewa," in ji ta. "Sa sabo, marar juyi, ka ɗora komai daga farko. Katin hoto kuma ga shi nan, zai ja duk abin da ka ba shi. In haɗa maka, ko kai ma irin mazan nan ne?"

"Zan haɗa."

"Na sani. Man nan ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake, ba burodi kake shafawa ba. Kuma ka taɓa bututun ɗumama ɗaki kafin ka taɓa katin, kada ka ƙona mini kaya da 'yar wutar da wannan rigar sanyin taka ke tarawa."

Na fito da kwalaye ina jin wani irin daɗi na wauta. Sai da na isa mota na gane dalili: rabon da wani ya yi mini magana mai tsawon haka fuska da fuska tun kafin dusar ƙanƙara ta sauka.

Asabar na bar layin saunata ya wuce. Na fitar da kwamfutar baranda na hure ƙurar, ta tashi ta sauka a kan furannin robar maƙwabciyata ta ƙasa, na koma ciki da sauri kamar ba ni ba. Sauran aikin a teburin kicin na yi shi. Na jera sukurori a cikin kwalin ƙwai don kada su rikice. Na goge tsohon man da ya zama kamar busasshen laka, na ɗiga sabo, na ɗaure sabuwar fanka mai faɗin tafin hannuna. Katin hoton kuwa ya ƙi shiga, ya fi gurbinsa tsawo da faɗin yatsa biyu. Na zage shi, na zagi wanda ya ƙera shi da wanda ya ƙera akwatin, sannan na cire kejin tsohon faifai gaba ɗaya, ƙarfen ya yanke ni a babban yatsa. Mutumin da ke kwance injin da ya fi ɗakinsa girma, ga shi yana tsotsar yatsa a kan abin da bai kai bulo nauyi ba.

Da na danna maɓalli ban ji komai ba. Na ce shi ke nan na ƙona. Sai allo ya kawo haske. Na durƙusa na kai kunne jikin akwatin, can na ji wata 'yar iska kamar numfashin mai barci. Na zauna a ƙasa ina murmushi ni kaɗai.

Murmushin bai daɗe ba. Na fara jin firij, na ji ruwa na bin bututu a bango, na ji wani a hawa na sama yana jan kujera, wata murya tana kiran yara su zo cin abinci. Ashe duk shekarun nan gurnanin nan yana rufe mini wasu abubuwa. Gidan ya yi mini faɗi, ɗaki biyu kacal amma ya yi faɗi, kuma kaɗaici ya zauna mini a ƙirji har na kasa cin tsiran naman da na soya.

Lahadi na ɗora sabon wasan, ya tashi sumul, har gashin giran dodanni ana gani. Sai na ɗora manhajar zauren murya. Da yake faifan sabo ne, ba ta san ni ba, ta buɗe mini gurbi tana tambayar suna. Na sa hannu zan rubuta Tarakta, sai na dubi akwatin da ke zaune shiru a gefen ƙafata. Wace tarakta kuma? Na rubuta Reijo, sunan da uwata ta ba ni, wanda na faɗa musu ranar da na fara shiga. Na danna kalmar sirrin zauren, wadda Sakari bai taɓa sauyawa ba saboda lalaci.

Suna ciki su uku, Sakari yana ba da labarin mai gyaran famfonsa. Ya tsaya.

"Wani ya shigo. Reijo. Osmo, ƙanen matar taka ne?"

"Shi Jarkko ne. Kuma ban ba shi kalmar ba tukuna."

"Ni ne," na ce.

"Reijo, barka," in ji Mirjami. "Kana jin mu?"

"Ina ji. Ni ne."

Ba su ji ni ba. Na dubi allo, sai na ga 'yar fitilar da ke gefen sunana ba ta kama ba. Nan take na gane. Makirufon ba ya buɗewa sai ƙara ta haura wani layi. A da fankokina ne ke riƙe shi a buɗe daga farkon wasa har ƙarshe, 'yar muryata ta bi bayansu ta wuce. Yanzu babu su, ni kuwa ban kai layin ba. Gyaran ba wuya, in ja layin ƙasa kawai, ko in rubuta musu kalma biyu. Hannuna yana kai. Amma ban yi ba. Ina so in ji ko ɗaya daga cikinsu zai tuna.

"Ko Tarakta ne?" in ji Mirjami. "Bai taɓa makara haka ba."

Na gyara zama.

"Haba, Mirjami," in ji Sakari. "Kin ji wata ƙara? Tarakta tun daga bakin ƙofa ake sanin ya iso. Kuma ai shi Raimo ne sunansa."

"Raimo? Ni Pentti na sani," in ji Osmo.

"Ina ka samo Pentti, dattijo?"

"Ya yi kama da Pentti."

Suka yi dariya, ba ta mugunta ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Mirjami ba ta yi sosai ba. Ta ce, "Ku tsaya. Ko maganar da muka yi masa ce ta ɓata masa rai? Wa ke da lambarsa?"

Babu. Sakari yana jin a Kuusamo nake, Osmo ya ce a'a, wani wuri ne dai mai farawa da wannan harafin. Sun san ina aikin daji, ko kuwa aikin hanya. Babu wanda ya taɓa tambaya, don ba a matsa wa mutum da tambaya in bai kawo maganar da kansa ba. Haka aka rene mu duka, ni ma da haka zan yi. Sun girmama shiruna shekara da shekaru, ni kuma na ɗauka sun san ni.

"Zai zo," in ji Osmo. "Ku bar maganar Jarkko ma. In tsohuwar ba ta ja sabon ba, mu koma kogonmu, ai ba ya cizo."

"To wannan baƙon fa?" in ji Mirjami. "Ba na son mutum ya zauna yana saurare bai ce komai ba."

"Bari in sallame shi," in ji Sakari. "Kada Tarakta ya zo ya tarar da wanda bai sani ba. Kun san halinsa, 'yar maganar da yake yi ma sai ya haɗiye ta. Reijo, ko kai waye, ka yi haƙuri, kujerar nan tana da mai ita."

Allo ya rubuta mini cewa an fitar da ni daga zaure.

Na daɗe a zaune da lasifika a kunne babu komai a cikinta. Kofina ya huce. Ban san abin da zan yi da abin da nake ji ba: an riƙe mini kujerata, kuma ni aka kora don a riƙe ta. Daga baya na ja layin makirufon ƙasa, na goge sunan, na rubuta ɗayan, na sake shiga.

"Ga shi nan," in ji Sakari. "Tsaya. Ina injin? Ka mutu ne kake kiranmu daga can?"

"Na gyara. Na sa sabon kati."

"Kai, ashe haka muryarka take," in ji Osmo. "Kamar ta mai karanta labarai."

Mirjami ta yi ajiyar zuciya, na ji ta sarai, yanzu da babu abin da ke rufe ta. "Ka tsorata mu, mutumina. Ka ma yi sa'a ba ka zo da wuri ba. Wani ne ya shigo ya zauna mana tsit, sai da Sakari ya kore shi. Wai Reijo. Ka san shi?"

Suna jirana, karon farko da suka yi mini tambaya suka tsaya su ji amsa.

"A'a," na ce. "Ban san shi ba."