Kunyoyin Baba Rwang

Da ƙyar aka ratsa da shi ta tsakanin motocin 'yan biki, maza biyu na ɗauke da kujerar, Scholastica na gaba tana cewa a yi a hankali. Baba Rwang ya rame har ya zama abin tausayi, amma bakin nan nasa yana nan. Tun daga ƙofar lambu yake faɗa wai an riƙe shi kamar buhun gawayi.

Shekara goma sha tara yana noma wannan ɗan fili da council, wato hukumar unguwa, ta ba shi haya a gefen Abbey Wood a Landan. Sai ga wani Bature ya dasa inabi a maƙwabta, yana matsar giya, ya kuma ga hayar wurin ga masu biki ta fi giyar riba. Wurin ajiye motoci ne ya yi masa kaɗan, sai ya sa ido a kan filin tsoho, wanda ciyawa ta cinye tun da ciwo ya kwantar da shi. Takarda ta zo cewa ran Litinin za a zo dubawa, in ba a noma ba, an karɓe.

Scholastica nas ce, ɗakinta na kallon nasa, kuma ta san kwanakinsa sun ƙare. Abin da ta kasa jurewa shi ne ya tafi da wannan baƙin ciki. Sai ta bi coci da ɗakunan ɗalibai ta kira gayya, kamar a gida. Mutum tara suka zo ran Asabar, da shebur na aro da garma ɗaya tak, wadda tsohon ya zo da ita daga Jos.

To, 'yan boko ne. Kafin azahar hannu ya yi bororo, ko kwata ba a ci ba. Scholastica ta juya baya don kada tsohon ya ga idonta. Wani ɗalibi ya kifa bokiti yana kaɗawa, ko a sami ƙarfi.

Kiɗan ne ya jawo uban biki, Bot, ɗan kwangilar siminti da kuɗin mai suka yi wa rana, ya zo aurar da 'yarsa a Landan. Ya iso shinge da niyyar cewa a rage surutu. Sai ya tsaya yana kallon yadda wani ke riƙe da garma, fuskarsa ta yamutse.

"Kai, wa ya koya maka noma? Ba ni nan."

Ya tuɓe babbar riga ya rataye a shinge. Sara uku ya yi, Baba Rwang ya ɗaga kai ya tambaye shi ko ɗan ina ne. Da ya ce Vom, ashe ɗan ƙasarsu ne can kusa da Jos, tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ganin maigida a cikin ƙasa, 'yan biki suka fara tsallako shinge, maza na naɗe wando, mata na cire takalma suna guɗa. Mai inabi ya tsaya da faranti a hannu, abinci na hucewa a rumfa, ba wanda ya kula shi.

Kafin la'asar kunya ashirin da biyu sun miƙe, an binne dankali. Scholastica ta ji daɗi kamar ta taka rawa, ta kuwa taka.

"Yanzu a mai da ni gida," in ji tsohon. "Na yi finishing."

Ya cika ran Litinin da hantsi, tana riƙe da hannunsa. Ta rufe masa ido, ta sa kwat ta tafi lambu, don ma'aikacin council ba ya jira. Mutumin ya zagaya, ya rubuta cewa an noma, filin ba zai tafi ba. Sannan ya tambayi ina mai wurin yake, don ya zo ya sa hannu.

Ta gaya masa. Ya cire hularsa, suka tsaya su biyu a bakin kunya, yayyafi na sauka a kan sabuwar ƙasa.