Darma a Ƙafar Ilu

Ranar da Kefas ya kai Ilu kasuwar Kurfi, ranar Salomi ta rasu. Da kaka ne, a 1982.

Ilun nan ɗan damben itace ne, tsawonsa bai wuce taƙi ba. Kefas kafinta ne a Dutsin-Ma, bencin makaranta yake bugawa, amma da 'yan damben nan aka san shi. Mahauta kan zo su siffanta masa gwaninsu, shi ya sassaƙa, matarsa Salomi ta ɗinka warki, ta naɗe hannu da zare. Ranar kasuwa sai a tsayar da biyu kan katako, kowa ya ja igiyar nasa, wanda ya faɗi ya sha kaye.

Rabe, wani mahauci a Kurfi, ya ce a sassaƙa masa yayansa Ilu da ya rasu, bahago mai tabo a goshi.

"Kuma kada ya faɗi, Malam Kefas. Ya sha faɗuwa yana da rai."

Kefas ya huda ƙafafun, ya narka darma ya zuba.

"Baban Magdalina," in ji Salomi, "wa zai tsaya kallon wanda ba ya faɗuwa?"

"Ke dai ki ɗinka warki."

"Na ɗinka. Amma turke ka yi, ba ɗan dambe ba."

Ya tambaye ta ko a gindin murhu ake koyon sassaƙa. Daga nan ba ta ƙara ce masa komai ba sai "ga tuwo". Da safen da zai tafi ta ce kanta na sara mata. Ya ce akwai ƙwaya a kan taga, ya ɗaure Ilu a bayan keke.

A Kurfi, Ilu ya kayar da na garin Tamawa, aka yi sowa. Ya kayar da na Birchi, sowar ta ragu. Ya sha naushi a ƙirji, ko gezau. Sa'idu, mai ɗan damben Birchi, ya ɗaga shi ya jijjiga a tafin hannu.

"Rabe, yayanka ya yi nauyi a kabari."

Aka yi dariya, kowa ya sa nasa a aljihu, aka watse wajen mai tsire. Rabe ya daɗe yana tura Ilu da yatsa.

"Shi in ya faɗi, tashi yake yana dariya," ya ce. "Wannan ban san shi ba. Tafi da abinka."

Duk hanya Kefas yana taka keke yana gyara maganar da zai yi wa Salomi, yana rage mata tsawo don kada ta ji daɗi da yawa. A ƙofar gida ya tarar da takalma birjik, matan zumuntar coci na waƙa ƙasa-ƙasa a ciki.

Bai sake sassaƙa ɗan dambe ba. Ilu na nan kan taga, a tsaye, ko an buga ƙofa ba ya motsi. Maganar kuwa, bayan duk ragin da ya yi mata, ga abin da ya saura: "Salomi, ba wanda ya tsaya kallo."