Garwashin Murhun Silke

Wutar ta mutu ne da safiyar rana ta biyar ta bikin kiɗan shekara-shekara, kuma a hannun Wiebke ta mutu, ita da ta shekara goma sha ɗaya tana hana kowa sakat a kan wutar nan.

Dokar ba ta da wuya. Ranar buɗewa, kafin a saki kiɗa, ana tara hasken rana da gilashi a kunna busasshiyar ciyawa, daga nan wutar ba ta mutuwa sai an cika kwana bakwai. Ba ashana, ba laita, ba a gasa komai a kanta. Wiebke ce ke rubuta sunayen masu gadi a allo, ita ce kuma ke yi wa wanda ya makara wankin babban bargo. Shi ya sa ake ce mata Uwar Wuta, wasu don girmamawa, wasu don tsiya.

Kiɗan safe ne ya ja ta. Tana kan gadi aka saka wani tsohon sauti da ta fara ji tun tana budurwa, bugunsa ya biyo ƙasa ya shige mata ta tafin ƙafa. Ta ce minti goma kawai, ta ruga filin rawa ba takalmi. Can ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Dubban mutane suka ɗaga hannu sama suna ihu, ita ma ta ɗaga nata, ido rufe, taɓo har gwiwa. Tamfol ɗin da mai gadi ke ja wa wuta kuwa yana nan a naɗe inda ta bar shi.

Da ta dawo, ramin wutar ya zama kududdufi. Ta tona da hannu, ko tartsatsi babu. Ta waiga, ba kowa, duk suna wurin rawa. A aljihunta akwai laitar da ta ƙwace jiya a hannun wani. Ta kwashe ruwan, ta jera busasshen itace, ta ƙyasta. Wutar ta kama nan take, ba ko kunya, kuma ba mai iya bambanta ta da ta jiya. Kafin rana ta yi tsaka har mutane sun zagaye ta suna shan ɗumi, wata ma ta durƙusa tana addu'a.

Sai ga Detlef. Tsoho ne mai farin gemu, matarsa Solveig ce ke kunna wutar kowace shekara har ta rasu cikin sanyin da ya wuce. Bana shi ya riƙe gilashinta ya kunna. Yana tafe da wani ɗan gwangwani a ƙirji.

"Uwar Wuta, ruwan nan bai ci ki da yaƙi ba ke nan! Na ce musu ai ko teku ce ta zo, Wiebke za ta kore ta da masifa."

Wiebke ta yi yaƙe.

Ya buɗe gwangwanin. Kitson Solveig ne guda ɗaya, furfura ta cinye shi, da jan zare a bakinsa. "Ta ce in sa shi a wutar rana. Kwana biyar ina kewayawa na kasa. Yau dai na ji zan iya."

Ya matso, ya miƙa hannu. Da ta yi shiru da shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani. Ta riƙe masa wuyan hannu.

"Baba Detlef, dakata. Ba ita ba ce."

"Wace ce ba ita ba?"

"Wutar. Ta mutu ɗazu. Na tafi rawa. Wannan da laita na kunna ta."

Ta faɗa a hankali, amma na kusa sun ji, mai addu'ar ma ta buɗe ido. Kunya ta rufe Wiebke har ta ji kunnuwanta na zafi. Da tsohon ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Sai kawai ya mayar da murfin gwangwanin, ya dubi sama, hadari ya rufe ko'ina.

"Ko rana ta fito, ba wadda na kunna da gilashin Solveig ba ce," in ji shi.

A nan Wiebke ta tuna da Silke, ta kuma so a ce ba ta tuna ba. Silke mai shayi ce, rumfarta na bayan filin rawa. Ranar farko Wiebke ta kama ta tana ɗibar garwashi da shebur za ta kai murhunta, ta kuwa yi mata tatas a gaban masu saye, ta ce wuta mai tsarki ba ta dafa citta ba ce. Silke ta ce ai Solveig ce ta ba ta izini tun da daɗewa, ta wuce da garwashinta. Murhun nan kuwa ba ya hutawa, don shayi ba ya yankewa a bikin. Ke nan wutar rana na iya zama da rai a cikinsa.

Rumfar cike take da jiƙaƙƙun mutane. Wiebke ta tsaya a gaban tebur, Detlef a bayanta.

"Silke, murhunki ya mutu tun ranar nan?"

"Ya mutu in ci me? Ko kin zo ƙwace shi ne, ranki ya daɗe?"

"Garwashi nake roƙo. Tawa ta mutu."

Silke ta ajiye ludayi, ta riƙe ƙugu. "'Yar'uwa, ɗaga murya mana. Ranar nan ai har na bakin tafki sun ji ki."

Wiebke ta ɗaga murya ta maimaita, har da zancen laitar. Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Silke ta buɗe baki za ta ƙara, sai idonta ya sauka a kan gwangwanin, da jan zaren da ya leƙo ta gefen murfi. Ta fasa.

"Ba sai an kai ko'ina ba," in ji Detlef. "Nan ma ya yi. Ai a bencin can Solveig ke wuni."

Silke ta naɗe hannu da tsumma ta sauke tukunyar. Tsohon ya durƙusa ya ɗora kitson a kan garwashi. Ƙaurin gashi ya gauraye da ƙamshin citta, ba wanda ya toshe hanci. Daga fili kiɗan na ta bugawa, kofuna na rawa a kan tebur.

Da kitson ya ƙone, Wiebke ta miƙa hannu za ta ɗauki shebur. Silke ta taka shi da ƙafa, ta tura mata bokitin wanke kofuna.

"Garwashi na nan, ba inda za shi. Je ki kashe taki tukuna."

Wiebke ta ɗauki bokitin ta fita. Daga nesa tana hango su, sun fi mutum talatin, zaune a gewayen wutarta, sun riƙe hannun juna.