Rijiyar Malam Lukumanu

Shekara goma sha ɗaya ina wanke yashi a rafukan da ke tsakanin Yammedi da Rogo, kuma duk zinaren da na tara yana cikin wata kwalbar maganin ciwon ido. Sai ka ɗaga ta wajen rana, ka rufe ido ɗaya, sannan ka yarda da ni don zumunci. Matata Talatu takan ce in da gero ne, ko kaza ba za ta sunkuya masa ba. Wasu mazan, tattabaru suke kiwo, wasu ƙwallo ta ɗauke musu hankali. Ni kuwa Asabar da Lahadi nakan ɗaure tsohuwar tasa a bayan babur in nufi rafi, ranar Litinin in koma aji ina koya wa 'yan firamare kimiyya da laka a farce. Ban taɓa cutar da kowa da wannan sha'awa ba sai bara.

Mahaifina, Malam Lukumanu, ya haƙa rijiya a ƙofar gidanmu shekarar da aka haife ni, ya ce sadaka ce ga unguwa. Bai je Makka ba, bai gina masallaci ba, abin da ya aika gaba ke nan. Tun da ya rasu, duk wanda ya ja ruwa sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Mahaifiyata, Inna Mero, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Kullum da hantsi tana bakin soro a kan tabarma tana sauraro. A wurinta, muddin guga yana sauka, lada yana isa kabarinsa.

A bazarar bara ruwa ya ja baya, muka kira Baba Tsoho mai yasar rijiya. Ya shiga, ana jawo laka ana zubarwa a gefe. Ina tsaye ina ba da umarnin da ba wanda ya nema, sai na ga lakar tana ƙyalli. Na tsinto wasu 'yan duwatsu rawaya masu kusurwa, kamar dunƙulen magi amma ƙanana.

Kada wani ya yi mini uzurin jahilci. Na goga ɗaya a bayan fasasshen tangaran, ya bar baƙin zane. Na buga shi da guduma, ya farfashe yana warin farar wuta. Zinaren gaske bajewa yake yi, ba ya fashewa. Wannan shi ne dutsen da littafi yake kira fairait, wanda ya sha ruɗar masu haƙa, kuma na san haka kafin Baba Tsoho ya fito. Da ban yi makaranta ba, da na kai wa maƙerin farfaru ya yi mini dariya, magana ta ƙare. To amma na taɓa karantawa a waya cewa wani sa'in zinare yakan ɓuya a cikin wannan dutse, ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya gani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa daidai wuyana aka yanka shi.

"Baba Tsoho, daga ina wannan yake fitowa?" na tambaye shi yana wanke ƙafa.

"Daga gindi, ta gabas. Wani dutse ne a kwance." Ya ɗago ya dube ni. "Na ga idonka, Malam Sanusi. Ka bar shi."

"Tambaya kawai na yi."

"Da ni aka haƙa ta, ina saurayi. Da muka iso kan dutsen nan mahaifinka ya shinshina, ya ce a tsaya. Kana tsammani gajiya ya yi?"

"Ai zamanin babu kayan aiki."

"Zamanin akwai hanci," in ji shi, ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Asabar ta zagayo na sauka da diga da guduma. Na gaya wa mutanen unguwa zurfi zan ƙara mata don ladan Malam ya ƙaru. Suka ji daɗi. Maƙwabta suka riƙa karɓa-karɓa a kan igiya suna jawo mini dutse, aka aiko da fura, mai unguwa ya ambace ni a ƙofar masallaci ya ce haka ake son ɗa na gari. Na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka tawali'u ne.

Talatu ce kaɗai ta leƙa.

"Malam, shin zurfi a tsaye ake ƙara shi ko a kaikaice? Na leƙa na ga ƙafafunka kawai, sauranka ya shige ta gefe."

"Idon ruwan nake bi."

"To Allah ya sa idon ya gan ka."

Mako huɗu na yi. Dutsen da na farfasa ya zama tsibi a gefen rijiya. Na zaɓi masu ƙyallin na cika rabin buhu, na aika wa Zubair a Zariya, tsohon ɗalibina da ya karanta ilimin duwatsu, na ce ya gwada mini.

Damina ta sauka, rijiya ta cika har fiye da da. Makon farko har barka aka yi mini. A mako na uku Ɗanmaliki mai shayi ya ce madararsa tana tsinkewa in ya zuba. Sannan ruwan ya fara ja-ja, yana barin tsatsa a gindin bokiti, in ka kurɓa sai ka ji kamar ka tsotsi tsohuwar ƙusa da tsamiya. Farin kaya ya koma rawaya. Awaki suka shinshina suka juya. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka koma burtsatsen bayan makaranta, tafiyar da ba ta da kusa, ga layi.

Ba wanda ya zage ni. Sai ma jaje: "Ka yi iya ƙoƙarinka, Malam, Allah ne bai nufa ba." Da an zage ni da na fi samun sauƙi. Baba Tsoho kuwa in mun haɗu yakan gaishe ni har da tambayar iyali da gajiya, bai rage komai ba, bai ƙara komai ba.

Na kwashe tsibin da amalanke. Na kwarfe rijiyar sau biyu. Na zuba toka, na zuba farar ƙasa. Ruwan yakan yi sanyin hali kwana uku ya koma halinsa. Da hantsi ƙofar gidanmu ta yi tsit, Inna kuma ba ta daina fitowa bakin soro ba.

Bayan an yanke gero Zubair ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi Inna.

"Malam, albishirinka, ko da yake goron ba shi da yawa. Akwai zinare a ciki."

Kunya nake ji in faɗa, amma sai da na yi murna.

"Kamar yaya?"

"In ka cika tifa guda, ka kai inda suke da injin tacewa, za ka samu kamar ƙwayar gero biyu."

Na gaya masa abin da ya sami rijiyar. Ya ce dutsen nan muddin yana kwance a rufe ba ruwansa da kowa, amma in an farfasa shi iska da ruwa suka same shi, tsami yake fitarwa, kuma ba ya gajiya da wuri.

"Har yaushe?"

"Shekaru, Malam. Ba zan ce nawa ba."

Ashe dai ina da gaskiya, akwai zinaren. Ban san wani a ƙasar Karaye da gaskiyarsa ta yi masa irin wannan aiki ba.

Da la'asar na durƙusa gaban Inna na gaishe ta, na sake gaishe ta, sannan na gaya mata komai. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ranar ma ba ta kira ba.

"Na sani," in ji ta. "Mai ƙara zurfi sara ɗaya yake yi ya huta. Kai kuwa ina jin digarka tana rawar jiki."

"Ki yafe mini, Inna."

"Ni me ka yi mini? Wanda ka yi wa ba ya nan." Ta gyara mayafi. "Tashi ka je wurin Liman. Ka tambayo mini, ruwan da ƙasar makwancinsa ta sauya masa launi da ɗanɗano, ana alwala da shi?"

Na je. Liman ya ce ana yi, tunda daga makwancinsa ne sauyin ya zo. Na dawo na gaya mata.

"To," ta ce, ta turo mini butarta da ƙafa. "Ba za a ce ba mai amfani da ita ba."

Tun ranar sau biyar nake jefa guga a yini, in ina makaranta Talatu ta jefa. Buta ɗaya ake cikawa. Inna ta karɓa ta ce, "Allah ya jiƙan Malam," sannan ta yi alwala. Farcenta ya rine ya yi ja, tsakanin yatsunta ya tsattsage, Talatu tana shafa mata man kaɗe tana hararata.

Makon jiya na ga jini a bayan hannunta. Da azahar ta yi na zagaya na cika butar da ruwan burtsatse, na jefa guga a rijiya don ta ji ƙararsa, na kawo mata. Ta zuba a tafin hannu, ta kai hanci. Sai ta karkata butar ta tsiyaye shi a ƙasa sannu a hankali har ya ƙare, ta miƙo mini.

"Lokaci yana wucewa," in ji ta.

Na karɓa, na koma bakin rijiya na saki igiya.